Abin da Injiniya Bai Rubuta Ba

A kwamfutata, shafin masu kiwon zuma lafiyarsa ƙalau. Ka danna nan ya buɗe, ka danna can ya buɗe, hotunan kwalaben zuma suna ta sheƙi har yawun mutum ya tsinke. Amma da na ɗora shi a saba, wato babbar kwamfutar haya da shafi ke zama a kanta don jama'a su gan shi, sai ya nuna min halinsa. Fuskar farko ta buɗe, na yi hamdala. Na danna ɓangaren hotuna, sai ga fili fari fat, da ɗan rubutu a tsakiya wai a yi haƙuri, an sami matsala. Ni na rubuta wannan ban-haƙurin da hannuna saboda baƙi, yau ga shi ni ake ba.

Ɗakin aikinmu a da sito ne. Da muka yi aure muka kwashe tarkacen ciki, muka jera tebur biyu kafaɗa da kafaɗa suna kallon taga. Ta tagar ana hango mai faci a bakin titi, yana dukan taya tun safe. Teburin hagu nawa ne, kowa ya gani ya sani: kofuna a bushe, wayoyi a cukurkuɗe. Na dama na maigidana ne, wanda tun muna makaranta nake ce wa Injiniya don tsokana, har sunan ya bi shi. Shi kuma Gaggawa yake ce min, kuma ba zan yi musu ba, sunan ya zauna min daram.

Shekara da shekaru tsarinmu ɗaya ne. Ni ke rubuta shafi, shi ke ɗaure shi ya ɗora. Ban taɓa tambayarsa me yake yi ba in na miƙa masa aiki, kamar yadda shi ma bai taɓa tambayata me na zuba a miya ba. Nakan ture kujerata baya in ce, "Injiniya, ga ɗanka nan," in tafi dafa shayi. Kafin in dawo shafi yana sama, shi kuma yana zaune yana goge tabarau kamar bai yi komai ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, watannin baya. Allah ya sa da sauran kwana a gaba. Ya tashi, yana takawa da sanda, hankalinsa garau, amma hannun dama ya ƙi motsi, harshe kuma ya yi nauyi. Magana tana nan a kansa sarai, fitowar ce aiki. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita, jijiyar wuyansa ta tashi. Mu kuwa da muke sonsa ba mu iya kallon wannan kokawar. Da ya fara "Ina son..." sai wani ya ce "Ruwa?" wani ya ce "Fanka?" Shi kuma ya gyaɗa kai ya karɓi abin da aka kawo, yana so ko ba ya so. A hankali ya daina farawa.

Yayarsa kullum tana gidanmu. Ita ta goya shi yana jariri, kuma har yau ba ta sauke shi ba. Ita ta zo da maganar likitan motsa jiki, cewa a samo wuri a kafa ƙarafunan da zai riƙa dafawa yana koyon tafiya. Ta zagaya gidan ta dawo ta ce babu inda ya fi ɗakin aiki, in an fitar da teburinsa. Na kalle shi ina jiran ya ƙi. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "A... fitar." Aka tsayar da magana masu ɗaukar kaya za su zo yau da yamma.

Ba shafin zuma ne ya hana ni sukuni ba, gaskiya. Shafi ana gyarawa. Abin da nake tsoro shi ne teburin nan. Na san mijina: ranar da aka fitar da shi, ba zai sake leƙo ɗakin ba, zai zama mutumin da ke zaune a falo ana tambayarsa ya jiki. Amma ta yaya zan ce wa mara lafiya ya dawo aiki? Sai na ce a raina bari dai in gama da masu zuma tukuna.

Wayata ta yi ƙara. Shugabar ƙungiyar masu zuman ce, dattijuwa mai murya kamar tana kiran wani a ƙetaren gona.

"'Yata, ina fatan an gama? Da yamma muke taro, na riga na gaya wa mutane za a haska musu zumarsu a bango. Har wanda ba ya zuwa taro ya ce yau zai zo."

"An kusa, Mama. Ɗan abu kaɗan ya rage."

"Madalla. Ki gaida min mai jiki."

Ɗan abu kaɗan! Na ajiye wayar na ja kujera.

Irin wannan shafin ba a aje yake a shirye ba. Duk wanda ya shigo, sabar ce ke haɗa masa fuskar da ya nema nan take, sannan ta aika masa. Don haka duk abin da za ta buƙata sai yana hannunta. Kuma ba komai muke rubutawa da kanmu ba. Akwai ƙananan guntayen aiki da wasu suka riga suka rubuta, ana ce musu modul: wannan na lissafin kwanan wata, wancan na rage girman hoto, haka dai. Kafin a ɗora shafi, akwai manhajar ɗauri da ke bin kod ɗin, wato umarnin da muka rubuta wa kwamfuta, layi-layi, duk modul ɗin da ta ga an kira sunansa ta ɗauko shi ta sa a ƙunshi ɗaya, sai a tura ƙunshin. Wannan duk na sani. Tun da Injiniya ya kwanta ni nake ɗorawa a tsofaffin sabobinmu, ba a taɓa jin kanmu ba. Wannan ce dai saba ta farko da na hayo sabuwa fil na shirya da hannuna.

Na buɗe rahoton kuskure. Jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar, idona ya faɗa kan farkon layin: ba a sami modul ba, ga kuma sunan na rage hotuna. Na yi tsaki. Na duba jerin modul ɗinmu, yana nan. Na buɗe ƙunshin da na tura, yana nan a zaune abinsa.

"Ga shi nan a gabanki, makauniya," na ce wa sabar.

Na goge komai na sake saukewa, na sake ɗaurewa, na sake turawa. Fari fat. Na ce ƙila wanda muke da shi ya tsufa, na ɗauko sabon fitowa. Nan kuma sai wani kuskuren daban ya ɓullo, wai an kira modul da tsohon salo alhali shi sabon salo yake amsawa. Na gyara wannan, wani ya karye a gefe. Na mai da komai yadda yake, na dawo inda na fara, sai dai yanzu da gumi. Na shiga intanet ina nema. Na tarar da wani bawan Allah da ya yi irin tambayata sak shekarun baya, zuciyata har ta yi fari. Na sauka ƙasa in ga amsa, sai na ga shi da kansa ya dawo ya rubuta, "Ba komai, na gyara." Bai faɗi yadda ya yi ba. Duk inda yake, ban yafe masa ba.

Da hantsi Yaya ta shigo da tef ɗin awo a wuya. Ta auna bango, ta auna ƙofa, ta zo ta auna teburin Injiniya ta kan kafaɗata.

"Ke dai har yanzu kina nan kina faɗa da akwatin nan? Ɗaga ƙafarki."

Na ɗaga.

"Ki kwashe masa takardunsa a kwali tun da wuri, kada mutanen nan su zo suna jiranmu. Wannan kujerar ma a haɗa da ita, ƙafarta ɗaya rawa take."

"Shi ya san yadda yake zama a kanta, Yaya."

"A da ke nan," in ji ta, ba da mugunta ba. Ta naɗe tef ɗinta ta fita.

Lokacin maganinsa ya yi, na kai masa falo. Yana zaune a kujerar da ke kusa da ƙofar ɗakin aiki, rediyo a gefensa a kashe. Ya haɗiye maganin, ya riƙe kofin bai miƙo min ba. Ya nuna ɗakin da haɓa.

"Ya... ƙi?"

Ashe yana jin yadda nake dukan kibod. Tun da can yakan ce daga ƙarar yatsuna yake gane ko aiki na tafiya.

"Ƙaramin abu ne," na ce. "Kai dai huta."

Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, Yaya ta leƙo daga kicin ta ce, "Filo yake so, gyara masa." Na gyara masa filon. Da na juya, ta biyo ni har bakin ƙofa ta rage murya.

"Kada ki kuskura ki ɗora masa damuwar aikin nan. Aikin nan ne ya kai shi ƙasa."

Ita ma tsoro take ji, na sani, nata ne dai ya bambanta da nawa.

Rana ta take. Mai faci ya shige inuwa ya daina duka. Shugaba ta sake kira, na ƙi ɗauka, ta turo saƙo wai an fara jera kujeru. Na kwafi modul ɗin da hannu daga kwamfutata na kai shi sabar, na ce to ga shi nan har gida, sai ki ce kuma me. Na danna. Fari fat, da ban-haƙurina a tsakiya. Raina ya ɓaci iya ɓaci. Na buga tebur, na ture kujerata baya, kuma kafin in san me nake yi bakina ya riga ni:

"Injiniya! Zo ka ga ɗanka, ni ya ishe ni!"

Gidan ya yi tsit. Na toshe bakina da hannu. Wallahi ba da niyya na yi ba, sabo ne kawai, shekaru nawa ina wannan kiran ba tare da na waiwaya ba. Na zauna ina jin kunyar kaina.

Sai na ji ƙarar sanda a kan tayil. Ƙwas. Sai jan ƙafa. Ƙwas. Sai jan ƙafa.

"Kai! Ina za ka?" Muryar Yaya ke nan. "Bayi za ka? Tsaya in riƙe ka. Ke, kin ga abin da kika jawo ko?"

Bai tsaya ba. Ya bayyana a bakin ƙofa, gumi a goshinsa, Yaya a bayansa ta baza hannuwa kamar mai tare kaza. Ya kalli teburinsa, ya kalli kujerarsa. Na tashi zan kama shi, ya girgiza kai. Ya juya a hankali, ya dafa gefen teburin da hannun hagu, ya zauna ta gefen da ƙafar kujerar ba ta rawa. Tun da ya dawo daga asibiti bai zauna a nan ba. Ya lalubo tabarau a aljihu ya saka a karkace, na bar shi a haka.

Ya nuna fuskar kwamfutata.

"Ka... ka..."

"Kashe? In kashe in sake kunnawa? Ai na..."

Ya ɗora hannunsa na hagu a kan nawa. Bai matse ba, ajiyewa kawai ya yi, ya kalle ni ta saman tabarau. Na gane. Na haɗiye sauran maganar.

"Ka... ran... ta."

Dama haka yake yi tun da. In abu ya lalace ba ya taɓa komai sai an karanta masa kuskuren da ƙarfi, kamar ana karatu a aji. Na karanta masa: ba a sami modul ba, da sunan na rage hotuna. Na tsaya ina kallonsa.

"Du... ka."

"Ai shi ke nan."

Ya girgiza kai, ya nuna gefen dama da yatsa. Na duba da kyau. Layin bai ƙare ba, ya wuce gefen tagar rahoton ya ɓace. Na ja shi. Ashe sunan yana da doguwar jela a baya, wasu haruffa da lambobi, irin waɗanda ke nuna nau'in kwamfuta. Tun safe nake kallon layin nan, ban taɓa kai ƙarshensa ba. Na karanta jelar har ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga sama.

"Gag... gawa," ya ce.

Na yi dariya, hawaye na neman zubo min. Rabona da jin sunan nan har na manta yadda yake fita a bakinsa.

Daga nan ya fara bayani, kuma ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Kowace kalma ina ganinta tun daga nesa tana zuwa, harshena yana ƙaiƙayi in ɗauko masa ita. Na tura hannuwana ƙarƙashin cinyata na zauna a kansu, na cije leɓe.

"Na hoto... yana da... da..."

Ya tsaya. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya rufe ido, ya sake gwadawa, iska kawai ta fito.

"Ruwa yake so," Yaya ta ce daga bakin ƙofa. "Ba ki ga ya gaji ba? Bari in..."

"Yaya, don Allah a bar shi ya ƙarasa."

Ban taɓa yi mata magana haka ba tun da na shigo gidansu. Ta kalle ni baki buɗe. Na ɗauka za ta wanke ni tas, sai na ga ta kalli ƙaninta, ta jingina da ƙofa. Muka jira, mu biyu. A waje mai faci ya koma dukan tayarsa.

"In... ji," ya ce daga ƙarshe, ya sauke numfashi. "Inji. Kowace... kwamfuta... da nata."

Ya ɗauki lokaci, amma ya kai ƙarshe da kansa, ni kuma na haɗa maganar a kaina. Modul ɗin rage hotuna ba shi kaɗai yake aiki ba. Yana da wani guntu, injinsa, wanda ake ƙerawa daban-daban don kowane nau'in kwamfuta. Kuma ba ya kiran injin da suna a fili. Sai an kunna shi, ya duba a kan wace irin kwamfuta yake, sannan ya haɗa sunan nan take ya kira. Manhajar ɗauri kuwa abin da ta ga an ambata kawai take ɗauka, don haka ta bar injin a baya. A kwamfutata injin yana nan tun ranar da na sauke modul ɗin, shi ya sa komai lafiya. Wanda na kwafa na kai da hannu kuma na irin kwamfutata ne, sabar ba irinta ba ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

"To tsofaffin sabobin fa? Me ya sa su ba su taɓa yi min haka ba?"

Ya nuna ƙirjinsa da babban yatsa.

"Kai kake saka musu? Da hannu?"

Ya gyaɗa kai. Duk sabar da muka taɓa haya, ranar farko yakan shiga ya sauke mata injin da ya dace da ita, ya fito. A lokacin da ni nake kicin ina dafa shayi ke nan.

"Ikon Allah. To me ya hana ka rubuta shi a wani wuri, Injiniya? Ko a ɗan gefe?"

Wannan karon bai sha wuya ba, maganar ta fito kusan a miƙe.

"Ina nan... ai."

Na kau da kai na kalli taga. A bayana ina jin Yaya tana jan hanci.

Na ce to, abu ya zo da sauƙi, layi ɗaya ne. Na buɗe hanyar shiga sabar zan sauke injin da hannu kamar yadda yake yi. Hannunsa ya sake sauka a kan nawa.

"A'a. Ru... buta."

Ya sa na buɗe fayil ɗin tsari, inda ake gaya wa manhajar ɗauri yadda za ta yi aikinta. Kalma bayan kalma ya faɗa min, ina bugawa. A gaya mata ta bar modul ɗin hotuna a wajen ƙunshi, kada ta taɓa shi. Sannan a rubuta cewa duk ranar da aka ɗora shafi, sabar da kanta ta sauke modul ɗin tare da injin da ya dace da ita. Wani wurin na riga na san abin da zai ce, amma na jira har ya faɗa sannan na buga. Sau ɗaya na buga ba daidai ba, ya ƙwanƙwasa tebur da farce kamar malamin makaranta, na gyara.

Muna kan layin ƙarshe na fahimci abin da muke yi. Yatsuna suka tsaya a kan kibod. In na rufe wannan fayil ɗin, abin da yake yi da hannunsa shekara da shekaru ya zama na na'ura. Duk sabar da zan haya nan gaba za ta yi wa kanta. Ba gyara ya zo taya ni ba, ya zo ne ya miƙa min abin da ya rage a hannunsa kafin a fitar da teburin.

"Ba sai yau ba," na ce. "Mu yi na hannun yanzu, wannan ma yi shi wani lokaci."

Ya girgiza kai.

"Injiniya, don Allah."

"Ru... buta," ya ce, a hankali, kamar yana lallashin yarinya.

Na rubuta. Na ɗaure, na tura. Rubutu ya yi ta gudu a fuskar kwamfutar, muka zuba masa ido mu uku, har da Yaya da ba ta san me ake kallo ba. Rubutun ya tsaya. Na buɗe shafin, na kai linzamin kwamfutar kan ɓangaren hotuna, na kasa dannawa. Ya miƙo yatsansa na hagu ya danna min.

Kwalaben zuma suka jeru reras, wata ja, wata ruwan ƙasa, wata kamar an narkar da rana a ciki.

"Laa, zuma ce ashe!" Yaya ta ce. "Duk wannan tashin hankalin a kan zuma?"

Na tura wa Shugaba saƙo. Ba a jima ba ta kira tana ta sa albarka, ina jin hayaniyar mutane a bayanta, wani yana ihu wai ga tasa, ga tasa. Na amsa mata da "amin, amin," na ajiye wayar. Ya kamata in yi murna, amma murnar ta ƙi zuwa. Na kalle shi, ya cire tabarau yana ƙoƙarin goge shi a gefen rigarsa da hannu ɗaya.

"Shi ke nan ka sallami kanka ko?" na ce. "Ka ba ni, ka huta. To ni ban ce ina so ba. Ba shafi nake so ya tashi ba, kai nake so a kujerar nan. Ko ba ka taɓa komai ba, ka zauna kana yi min dariya ina kuskure. Ni dai na faɗa."

A waje mota ta tsaya, aka danna hon. Yaya ta leƙa ta taga, ta dawo ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana murza tef ɗin da ke wuyanta.

"Masu ɗaukar kaya ne," ta ce. Ba ni ta kalla ba, shi ta kalla. "Me za a ce musu?"

Ya buɗe baki, abin ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Aka sake danna hon a waje. Ina ganin leɓen Yaya yana motsi, ta kai hannu ta dafe shi. Ni kuma na koma na zauna a kan hannuwana. Ba wanda ya kawo ruwa, ba wanda ya kawo filo.

"Sau... ran," ya ce. Ya huta. "Sauran... shafukan. Duk... akwai... irin wannan."

"Duka?"

Ya gyaɗa kai. "Da... yawa. Ban... rubuta ba." Ya maida tabarau, wannan karon a daidai. Ya nuna bakinsa da yatsa, gefen fuskarsa mai lafiya yana murmushi. "Da... bakin nan... za mu... daɗe."

Yaya ta goge ido da bakin mayafinta, ta fice fuu. Muna jiyo ta a ƙofar gida tana ta faɗa da bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, wai wa ya ce musu tebur za a ɗauka, su shigo su ja mata kujerun falo gefe, can za a kafa ƙarafunan.

Na jawo kujerata kusa da tasa har suka gogi juna. Na buɗe shafin da ya fi kowanne tsufa a cikin ayyukanmu, na juya masa fuskar kwamfutar yadda zai gani sosai. Ya matso, ya fara motsa baki. Na ɗora hannuwana a cinya, na jira shi.